Ciwon ƙugu da asuba: laifin katifa ne, ko na yadda ake tashi?

Tambayar ta fito daga wani tela a Marwa, mai shekara 43. Ya ce wata biyar ke nan kullum da asuba yake tashi ƙugu a sandare, ruku'u ma sai ya lallaɓa, amma da ya ɗan yi zirga-zirga, kafin a gama karin kumallo, abin ya sake shi. Wani lokaci ciwon kan farkar da shi idan ya zo juyawa a gado. Wani abokinsa ya ce ya bar katifa ya koma kwanan ƙasa, wani ya ce basir ne, mai tallar magani kuma yana haɗa masa ƙwayoyi. Yana so ya san irin kwanciyar da ta dace, da kuma ko ya je a ɗauki hoton bayan.

Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Aikina gashin ƙashi da motsa gaɓɓai ne, kine kamar yadda ake kiranmu a asibitocin nan, kuma irin wannan kukan shi na fi ji: daga teloli, daga direbobin manyan motoci masu bin hanyar Gaundare zuwa Kusuri, daga 'yan moto, daga matan da ke wuni a duƙe. Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma kusan tara cikin goma ba wata muguwar cuta ce ta jawo musu ba. Yadda ka siffanta naka, ya fi kama da na waɗannan taran.

Ga dalilin da ya sa asuba ta fi tsanani. Ƙasusuwan ƙugu biyar ne a jere, kuma tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai ruwa a cikinsa. Da rana nauyin jiki yana matse faifan, ruwan ya riƙa tsatsowa kaɗan-kaɗan. Idan ka kwanta da dare nauyin ya sauka, sai faifan ya sake zuƙe ruwansa. Shi ya sa in ka auna tsawonka da asuba ka sake aunawa da magariba, za ka tarar ka ragu da santimita ɗaya zuwa biyu. To faifan nan da asuba tamkar salka ne da aka cika ta yi tam: ba ta son lanƙwasa, in kuwa aka tilasta mata, ɗinkin ne zai ji a jikinsa. Ga kuma tsoka da ƙananan gaɓɓan baya da suka yi sa'a shida ko bakwai ba wani motsin kirki. Da ka miƙe ka fara tafiya, ruwan da ya yi yawa yana raguwa cikin sa'a ta farko zuwa ta biyu, tsoka ta yi ɗumi, baya ya saki. Abin da kake ji kenan, kuma sakin da yake yi da wuri shi ne ya fi kwantar mini da hankali a duk bayaninka.

Na faɗi haka ne saboda akwai ciwon baya na dare wanda ba ya jin gyaran filo, kuma a yankinmu ba baƙo ba ne. Ina so ka karanta wannan wurin da kyau, ko don wani naka.

Idan sandarewar tana wuce rabin sa'a, wani lokaci har hantsi, ta fara tun mutum yana matashi, tana tashe shi a kashi na biyu na dare har sai ya sauko ya yi tafiya, hutu yana ƙara ta motsi yana rage ta, to wannan kumburin gaɓɓan baya ne, wani nau'in amosani. Yana da maganinsa daban, kuma mutane kan yi shekaru suna canza katifa kafin a gane shi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tarin fukan ƙashin baya. Ba dole ne mutum ya yi tari ba. Ciwo ne a wuri ɗaya wanda za ka iya nuna shi da yatsa, kullum gaba yake yi, kwanciya ba ta rage shi, ga zazzaɓin yamma-yamma, ga gumin dare, ga rama da rashin son abinci. In aka bar shi yana cin ƙashin har ya burma, ƙusumbi ya fito, ƙafafu su mutu. In aka kama shi da wuri kuwa ana warkewa da ƙwayoyin tarin fuka na watanni. Kusa da shi akwai cutar da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba, ko daga taɓa mahaifa da jinin dabba mai ɓari. Makiyaya, mahauta da masu fatauci a kasuwar shanu su suka fi kamuwa: zazzaɓi ya zo ya tafi ya dawo, gumi, ciwon ƙugu da kwankwaso, a yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Ciwon da ke gefe ɗaya ƙarƙashin haƙarƙari tare da zafin fitsari, jini a fitsari ko rawar ɗari, ƙoda ce za a duba, ba baya ba. Dattijon da ya haura 50 wanda ciwon baya ya zo masa sabo, yana rama, fitsari yana masa wuya, a duba shi da wuri. Mai sikila shi ma lissafinsa daban.

Akwai kuma wanda ba a kwana da shi a gida. Duk wanda ya ji gabansa da duburarsa da cikin cinyoyinsa sun mutu ba ya jin taɓi, ko fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba bai sani ba, ko ƙafafu suna ƙara rauni yana tuntuɓe, to jijiyoyin ƙasan laka ne aka danne. A tafi babban asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a tare da kai, ba na ganin hoto zai ƙare ka da komai yanzu. An tattara binciken da aka yi a kan mutanen da bayansu bai taɓa damunsu ba, aka buga a 2015: cikin masu shekara 40, kashi 68 cikin ɗari hotonsu ya nuna faifan ya fara tsufa, kashi 50 cikin ɗari kuma faifan ya ɗan ɓullo. Lafiyarsu ƙalau. Sau da yawa mutum yakan kashe kuɗin cefanen mako biyu, ya dawo da takarda mai kalmomin Faransanci masu ban tsoro, daga ranar ya daina sunkuyawa, ya daina ɗaukar ɗansa, baya ya ƙara ƙagewa. Je ka a duba ka hannu da hannu tukuna, a gwada ƙarfin ƙafafunka, a auna zafin jikinka da nauyinka. In hoto ya kama, mai dubawar zai rubuta.

Yanzu ga inda nake so ka sa ƙarfinka: sa'ar farko bayan farkawa. Duba abin da yawancinmu ke yi a lokacin da faifan ya fi cika. An kira salla, mutum ya zabura ya tashi zaune kai tsaye, ya sunkuya neman takalmi, ya ɗaga jarkar lita 20 ya tsiyaya a buta, ya tsuguna ya duƙa wankin ƙafa, duk cikin minti biyar. Uwargida kuma ta ɗauki gajeriyar tsintsiya ta share tsakar gida a duƙe, ta ɗora tukunya. Baya bai gama farkawa ba an ba shi aikin da ya fi kowane wuya a wuninsa.

Ka sa ƙararrawar wayarka ta riga ladan da minti goma sha biyar. Da ka farka kada ka tashi. Kwanta rigingine, ka tanƙwashe gwiwoyi tafin ƙafa a kan shimfiɗa, ka karkata gwiwoyin biyu dama da hagu a hankali, kamar sau goma, iya inda ba zafi. Sannan ka manna ƙugunka da shimfiɗa ka ƙirga biyar ka saki, shi ma kamar sau goma. Wajen saukowa, juya gaba ɗayanka kan kwiɓi, kafaɗa da kwankwaso su juya tare, ka zuro ƙafafu ƙasa, ka tura jikinka sama da hannu. Hannu ne zai ɗaga ka, ba ƙugu ba. In a tabarma kake, juya ka durƙusa a kan hannu da gwiwa, ka kafa ƙafa ɗaya, ka dafa cinya ko bango ka miƙe. Irin wannan juyawar ta gaba ɗaya ita za ka riƙa yi cikin dare ma, don ciwon da ke farkar da kai galibi daga murɗa ƙugu yake, kafaɗa ta tafi kwankwaso ya tsaya.

Kafin alwala ka zaga tsakar gida na minti biyar. Butar a cika ta tun da dare, a ajiye ta a kan wani abu mai tudu. Ka zauna a kujerar da ta ɗan ɗaga, ba 'yar tsugunno ba, in ka zo wanke ƙafa ka ɗago ƙafar ta zo wurin hannu. Lokacin hunturu ruwan ɗumi ya fi, kuma tsumma mai ɗumi a ƙugu na minti goma yana sassauta tsoka sosai. Ka taka zuwa masallaci da ƙafa, tafiyar kanta magani ce. A ruku'u ka karya daga kwankwaso, baya a miƙe, tafin hannu ya kama gwiwa ya ɗauke nauyin, ka ɗan saki gwiwar in ta kama. Ranar da ciwon ya motsa sosai, addini bai matsa maka ba: Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan kwiɓinsa. Duk wani ɗaukar kaya mai nauyi, buhun gawayi ne ko kan keken ɗinki, a jinkirta shi har hantsi. Wannan duka na ɗan lokaci ne, kuma na safiya ne kawai. Ban ce ka ji tsoron sunkuyawa ba. An halicci baya don ya lanƙwasa, kuma da rana ina so ka lanƙwasa shi.

Kwanciya kuma, babu wata guda ɗaya da aka ce ita ce magani, kuma mai barci yana juyawa sau da dama bai sani ba, hakan ma alheri ne. Abin nema shi ne inda za ka fara barci ba tare da ƙugu ya murɗe ko ya rataya ba. Yawancin masu zuwa wurina sun fi samun sauƙi a kwanciyar kwiɓi, gwiwoyi a ɗan tanƙwashe, da filo tsakanin gwiwoyin. Ba tare da filon ba ƙafar sama takan zame gaba ta ja kwankwaso, ƙugu ya kwana a murɗe. Filon ya zama mai ɗan tauri, ya kai daga gwiwa zuwa ƙwauri. In babu, naɗe bargo. Filon kai kuma ya cike tazarar da ke tsakanin kunne da kafaɗa daidai, kada wuya ya karkata sama ko ƙasa. In shimfiɗar mai tauri ce za ka ji rami tsakanin haƙarƙari da kwankwaso inda jiki bai taɓa ƙasa ba. Ninka tsohon zane ka cusa a wurin. Mutane kan raina wannan, amma sau da yawa shi ke raba mutum da tsamin asuba. Mai son rigingine ya sa filo ƙarƙashin gwiwoyi. Rub-da-ciki ita ce na fi hanawa, don tana ƙara lotsa ƙugu, ga wuya a juye dare guda. Wanda ya kasa bari ya sa siririn filo ƙarƙashin mara. Mai juna biyu ta kwanta a kwiɓi, filo ɗaya tsakanin gwiwoyi, wani ya tallafi cikin.

Maganar abokinka ta kwanan ƙasa tana da rabin gaskiya. Wanda ya baro katifar da ta lotsa ya koma tabarma zai ji sauƙi, amma ramin da ya baro ne ya taimake shi, ba taurin siminti ba. An gwada wannan a Sifen, aka buga sakamakon a 2003: mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu, aka ba wasu katifa mai tauri sosai, wasu mai matsakaicin tauri. Bayan kwana 90, masu matsakaiciyar su suka fi samun sauƙi, a kwance da kuma wajen tashi. Wanda ya taso a tabarma kuma bayansa lafiya, ba ni da abin ce masa. Amma mai shekara 43 da ya saba da katifa, in ya faɗa kan siminti dare ɗaya, kafaɗa da kwankwaso za su shiga sahun masu ciwo.

Kafin ka kashe ko sefa ɗaya, cire zanen gado ka gitta sanda miƙaƙƙiya a kan katifar. In ka ga rami a ƙarƙashinta inda kwankwasonka ke sauka, ka samo ɗaya daga cikin masu laifin. Ɗaga katifar ka duba katakon gadon, don sau da yawa ɗaya ya karye ko tazararsu ta yi faɗi, gadon ƙarfe kuma ragarsa kan saki. Sauke katifar ƙasa ka kwana a kanta mako biyu. In ka ji bambanci, gadon ne, kafinta zai shimfiɗa maka falanki a gama. In katifar ce ta mutu, juya ta kai ya koma ƙafa kafin ka samu halin sabuwa. Ta auduga a kai wa masu yi su buɗe su sake cusawa. Wajen sayen ta soso kada kauri ya ruɗe ka, nauyi za ka duba: ɗaga ta ka ji, mai kauri marar nauyi ba ta daɗewa take lotsawa. Ka kwanta a kanta a shagon, kada ka ji kunya. Ka kuma tuna baya: lokacin bazara, da zafin Afrilu ya kore ku waje kuna kwana a tsakar gida, ciwon ya ragu ne ko ya ƙaru? Amsar za ta gaya maka abu mai yawa game da shimfiɗarka.

Sai dai dare yana biyan bashin rana ne. Tela yana zaune a benci marar majingina, kai a sunkuye kan allura, ƙafa tana taka keke, daga safe har dare, in salla ta ƙarato kuwa har asuba. Duk rabin sa'a ko minti arba'in ka miƙe, ka dafa ƙugu da hannu biyu ka ɗan banƙare sau biyar, ka taka zuwa bakin shago. Yankan yadi da guga su koma kan tebur, a bar yi a ƙasa. Matso da fitila kusa da allura, don rashin haske ke sa mutum duƙawa bai sani ba. In idon ya fara gajiya da zare, a gwada maka tabarau. Bayan la'asar ko bayan isha ka yi tafiyar rabin sa'a, kwana biyar a mako. A Ostareliya an bi mutum 701 da suka warke daga ciwon ƙugu, aka buga a 2024: waɗanda aka ɗora a kan tsarin tafiya sun kai kusan kwana 208 kafin ciwon ya dawo, sauran kuwa 112. Bel ɗin ɗaure ƙugu da ake sayarwa a kasuwa, ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamban 2023 ba su goyi bayansa ba ga mai daɗaɗɗen ciwo irin naka.

Barcin kansa ma a kula da shi. Wanda bai ƙoshi da barci ba jikinsa ya fi jin zafin ciwo, ciwon kuma ya sake hana shi barci. Shayi mai kauri da goro da ake sha a shago don a kai dare suna daɗewa a jini, bayan sa'a biyar kusan rabin ƙarfinsu yana nan. Tsayar da su daga la'asar, ka nemi sa'a bakwai.

Basir ba ya sandarar da ƙugu da asuba, kuma jiƙe-jiƙen da ke sa gudawa ruwan jikinka kawai za su ƙarar. Tausa da man zafi ba laifi. Ƙaho wasu kan ji daɗinsa na kwana biyu. In za a yi, aska ta zama sabuwa a buɗe ta a gabanka, saboda ciwon hanta da ƙanjamau.

Ƙwayoyin nan da ake haɗa maka su ne abin da ya fi damuna a wasiƙarka. Ibuprofen ko diclofenac suna rage ciwon ƙugu, amma na 'yan kwanaki ne, bayan an ci abinci, ɗaya daga ciki ba duka biyun ba. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai juna biyu kada su sha sai da izinin likita. A garin da zafi ke haura digiri 40, mutum yana gumi bai sha ruwa sosai ba, ko yana azumi, shan su kullum na wata da watanni hanya ce ta lalata ƙoda, kuma ƙoda ba ta yin kuka sai ta yi nisa. Paracetamol ya fi sauƙin illa, amma shi kaɗai bai cika yin wani abin kirki ga ciwon ƙugu ba. Tramol kuwa, kai ma ka ga abin da ya yi wa samarinmu. Na bakin titi yakan zo da ƙarfin miligiram 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya, alhali na asibiti 50 ne. Yana kama mutum, yana jawo farfaɗiya, yana ɓata barcin da kake nema. A cikin haɗin kuma sau da yawa akwai dexamethasone, 'yar ƙaramar ƙwayar da ke sa mutum ya ji garau kwana biyu, sannan fuska ta kumbura, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni.

Ka tattara ragowar ƙwayoyin da fatunsu ka kai wa likita ko mai kantin magani mai lasisi ya gaya maka mene ne a ciki. In ka yi makonni kana shan su kullum, kada ka yanke rana ɗaya, domin dexamethasone da tramol duka a hankali ake janye su. A wannan zuwan ka roƙa a auna maka jini da sukari, a duba ƙoda. Sannan ka riƙe gyaran safiya da na kwanciya da tafiyar nan mako shida. In bayan haka ba sauƙi, ko ciwon ya fara sauka ƙafa har ƙasan gwiwa, ka koma a sake duba ka.